Daga Alƙalamin Kara zuwa Injin Fleks

Motar da ta baro Ƙofar Gari ta nufi filin jirgin Nnamdi Azikiwe ba ta jiran kowa ya gama karatu. Tun da aka faɗaɗa titin Umaru Musa 'Yar'adua, daƙiƙa kaɗan ce rabon kowane allon talla da ke Lugbe. Masu zane na unguwannin FHA da Sabon Lugbe sun san haka sarai. Amma a duba allunan makarantun kuɗi da na dillalan filaye da ke bakin titin: suna, take, hoton mai wuri, hoton gini, lambobin waya har huɗu, kowanne da launinsa, kowanne yana neman a fara ganinsa. Mai aiki ya biya kuɗin kowace ƙafa ta fleks, shi ya sa idan ya ga farin fili sai ya ce, "Nan fa? A ƙara wani abu."

Tsofaffin hannu a sana'ar ba haka suka gada ba. Tun kafin injin ɗab'i ya iso Arewa, marubutan Alƙur'ani na Kano da Borno sun gama warware matsalar da ake koyarwa yau a aji: me ido zai fara gani, me zai biyo baya. Baƙaƙe da baƙar tawada, wasula da ja, hamza ɗigon rawaya. Gefen shafi a bar shi fayau, sai zayyanar da ke nuna izu ko sumuni. Babu launin da aka sa don kwalliya kawai. Kowanne da aikinsa.

Boko ya zo da nasa horon a Zariya. A Janairun 1939 Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fara fita, Abubakar Imam yana edita, Rupert East yana kula da Hukumar Talifi, sannan aka kafa Kamfanin Gaskiya a 1945. Mai haɗa shafi a wancan zamani ƙarfe yake jerawa, kuma girman haruffan da ke hannunsa ƙididdigagge ne. Dole kanun labari ya fi jikinsa girma ƙwarai, dole ginshiƙan rubutu su tsaya a layi ɗaya. Ƙarancin kayan aiki ne malamin. A garin ne kuma, a 1958, ɗaliban kwalejin da ta zama Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, irin su Uche Okeke da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo, suka kafa ƙungiyar da ta dage cewa zanen Najeriya ya ɗebo daga adon gida.

Misalin amfanin rage cunkoso a zane da ya fi kowanne sauƙin nunawa yaron shago yana kaɗawa a ƙofar kowace ma'aikata a Abuja. Zanen tutar Najeriya da Taiwo Akinkunmi ya aika gasa tun yana ɗalibi a Landan yana da jar rana a tsakiyar farin. Alƙalan gasar suka cire ranar, suka ba shi fam 100, aka ɗaga kore, fari, kore ranar 1 ga Oktoba 1960. Abin da aka rage ne ya sa ko ɗan firamare yake iya zana ta.

Tsakanin wancan zamani da kwamfuta, kasuwa a hannun masu burushi take. Su ne suka rubuta allunan aski da na kanti, su ne suka ƙawata bayan manyan motoci. Mai burushi yakan ja layi da alli, ya ƙirga haruffa, ya raba musu wuri kafin ya tsoma fenti, domin kuskure ɗaya na nufin shafe allo gaba ɗaya. Ya san baƙi a kan rawaya yana tsallaka titi, ja a kan shuɗi kuwa rawa yake yi a ido. Akwai ma lissafin da masu allo ke bi har yau: inci ɗaya na tsayin harafi a kan kowace ƙafa goma ta nisa.

Sai CorelDRAW, wadda ta fito a 1989, ta mamaye shagunan Najeriya. Da ita aka yi bangon littattafan soyayya na Kano da fastocin finafinan Hausa, inda ake jera kawunan jarumai daidai da tashensu, babban tauraro ya fi kowa girman kai a zahiri. Wannan ma tsari ne, kuma mai sayen kaset ya fahimce shi nan take. A Abuja, cibiyar aikin ta daɗe a UTC da ke Area 10 a Garki, har aka rushe ginin a Yunin 2023. Yanzu kuwa wanda ke da waya da Canva, manhajar da ta fito a 2013, yakan haɗa katin ɗaurin aure yana zaune a cikin a-kori-kura.

Abin da waya ba ta koyarwa shi ake gani wurin ɗab'i. Fuskar waya haske take fitarwa, inji kuwa tawada huɗu yake gaurayawa, don haka koren da ke ƙyalli a hannu yakan fito a dushe, a yi ta jayayya da mai aiki. Hoton da aka turo ta WhatsApp ya riga ya matse. A buɗa shi zuwa ƙafa goma, fuskar ɗan takara ta rududduge.

Ga kuma ciwon da ya keɓanta da Hausa. Yawancin nau'o'in haruffa masu kyan gani ba su da ƙ da ɗ da ɓ. Idan aka buga su, ko dai akwati ya fito, ko manhaja ta aro harafi daga wani nau'in, ya tsaya a tsakiyar kalma kamar baƙo a gidan biki. Masu gaggawa sukan jefar da lanƙwasar kawai. Masu kula kuwa sukan mayar da harafin zane, su ja masa ƙugiyarsa da hannu, ko su koma nau'o'in da ke ɗauke da ita, irin su Noto da Charis SIL.