Shari'ar hana korar 'yan haya a Amurka lokacin korona

A ranar 4 ga Satumba 2020, hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, CDC, ta hana masu gidaje korar 'yan hayar da suka kasa biyan kuɗi. Hujjarta ita ce wanda aka fitar masa da kaya zai raɓa gidan dangi ko matsuguni mai cunkoso, inda cutar ta fi saurin yaɗuwa. Dokar ba ta yafe bashin haya ba, kora kawai ta dakatar.

Ƙungiyar dillalan gidaje ta jihar Alabama ta shigar da ƙara, tana cewa dokar lafiya ta 1944 da hukumar ta dogara da ita ta yi maganar feshin magani da kashe ƙwari ne, ba hurumin shiga tsakanin mai gida da ɗan haya ba. A watan Mayu 2021, mai shari'a Dabney Friedrich ta ba ƙungiyar gaskiya.

Shari'ar ba ta tsaya nan ba: Kotun Ƙoli ce ta kawo ƙarshen dokar hana korar a ranar 26 ga Agusta 2021, alƙalai 6 suka rinjayi 3. Ta ce Majalisa kaɗai ke da ikon ba da irin wannan izini ƙarara.