Gargaɗin Ajiyar Kwafin Bayanai: Dalilin Dawowarsa Bayan Sauya Saiti da Hanyar Magance Shi

Ajiyar kwafi ita ce adana bayanan kwamfuta ko waya a wani wuri na daban, domin a dawo da su idan na'ura ta lalace ko aka sace ta. A sakatariyoyin ƙananan hukumomin Sabon Birni da Isa, da asibitoci da makarantu, irin waɗannan bayanai sun haɗa da jerin albashi, rajistar rigakafi da sunayen manoma.

Sau da yawa ma'aikaci kan gyara saitin manhajar ajiya, amma gargaɗin ya ci gaba da fitowa. Dalili shi ne, manhajar tana duba ranar da aka kammala ajiya ta ƙarshe ne. Muddin sabuwar ajiya ba ta kammala ba, gargaɗin zai iya dawowa.

Abubuwan da za a duba

1. Wurin ajiya. Manhajar File History, wadda ta zo tare da Windows 8 a shekarar 2012, tana riƙe da faifan da aka fara zaɓa mata. Idan an sauya faifai, sai a koma cikin saiti a zaɓi sabon, sannan a ba ta umarnin yin ajiya nan take.

2. Hanyar intanet. Idan an saita WhatsApp ya yi ajiya ta Wi-Fi kaɗai, ba zai taɓa datar waya ba, komai yawanta. Haka kuma a garuruwan da ke iyaka da Jihar Maradi, waya kan kama sabis na Jamhuriyar Nijar, data ta tsaya.

3. Gurbi. Google na ba kowane asusu gigabait 15 kyauta, OneDrive kuwa 5. Daga shekarar 2024 ajiyar WhatsApp ta wayoyin Android tana cin wannan gurbi na Google. Idan ya cika, ajiya ta tsaya.

4. Kalmar sirri. Wanda ya sauya ta dole ne ya sake shiga asusunsa a kowace na'ura.

5. Kwanan wata da lokaci. Idan batirin agogon kwamfuta ya mutu, kwanan wata kan koma baya, uwar garke kuma ta ƙi karɓar haɗin.

Bayan gyara, a kashe na'urar a kunna, a yi ajiya da hannu, a tabbatar ranar yau ta bayyana a wurin ajiya ta ƙarshe. Daga nan a gwada dawo da fayil guda, a buɗe shi. Wannan gwaji shi ne tabbacin cewa kwafin yana da amfani.

Jan hankali

Muna kira ga ma'aikata da kada su kashe sanarwar gargaɗi domin kawai ta dame su, saboda yin haka ɓoye ciwo ne. A watan Satumba na 2021 an rufe layukan sadarwa a ƙananan hukumomi 14 na Jihar Sakkwato, ciki har da Sabon Birni da Isa, saboda matsalar tsaro. A irin wannan yanayi ajiyar intanet ba ta yiwuwa. Don haka muna ba da shawarar kowane ofishi ya riƙa ajiye kwafi na biyu a faifan waje duk mako, a adana shi a wani gini na daban.

Allah ya sa mu dace.