Harshen Damo: Kalmar Turanci Da Tarihin Zazzau

Ɗaliban da suka karanta wasan Macbeth na Shakespeare sun haɗu da masu yin abin da Turawa ke kira "equivocation". Asalin kalmar daga Latin ne, kuma tana nufin furta magana mai fuska biyu da gangan, don mai saurare ya ɗauki wata ma'ana alhali mai magana ya ɓoye wata a zuci. Bahaushe ya daɗe da raɗa wa wannan suna: magana mai harshen damo. Ta bambanta da ƙarya, domin maƙaryaci ana iya kama shi, amma mai harshen damo in ka tsare shi sai ya ce ai kai ne ba ka fahimta ba.

Kalmar ta yi tashe a Ingila a 1606, lokacin shari'ar wani limamin Katolika, Henry Garnet, wanda aka tuhuma da sanin makircin tarwatsa majalisar ƙasar da albarushi a 1605. Ya kare kansa da cewa ya halatta mutum ya ba da amsa mai fuska biyu in an matsa masa. Alƙalai ba su karɓa ba, aka kashe shi. To, abin mamaki, jikokin waɗanda suka ƙi wannan dabara su ne suka zo mana da ita bayan shekara kusan 300.

Ranar 1 ga Janairu 1900, a Lakwaja, Lugga ya shelanta cewa Arewa ta shiga ƙarƙashin "kariyar" Ingila. Ba a ce ci da yaƙi ba, ba a ce mallaka ba. A lokacin Sarkin Zazzau Muhammadu Kwasau yana cikin matsi, domin Sarkin Sudan na Kwantagora, Ibrahim Nagwamatse, yana ta kai hare-hare cikin ƙasarsa. Sarki ya nemi taimakon Turawa, suka zo a 1902, suka kama Nagwamatse. Har nan kariya ta cika ma'anarta ta farko. Amma sojan ba su koma ba. Suka kafa bariki, aka ajiye Kyaftin Abadie a matsayin Razdan. Ba a daɗe ba aka kama Kwasau kansa, aka fitar da shi daga birni, ya ƙare rayuwarsa a Lakwaja. Ma'ana ta biyu ke nan ta fito fili, lokacin da ba sauran damar musu.

Wanda aka naɗa a 1903, Aliyu Ɗansidi na gidan Mallawa, malami ne kuma mawaƙi. Ba shi da ikon fitowa ya faɗi abin da ke ransa, sai ya koma ga makamin da Bahaushe ya gada, wato habaici da zambo da gugar zana. Waƙoƙinsa, ciki har da Waƙar Diga da ya yi kan aikin hanyar jirgin ƙasa, suna da sama suna da ƙasa, kuma mutanen birni sun san inda aka dosa. Dama kowa ya yi zagi a kasuwa ya san da wanda yake. Shi ma daga baya an tuɓe shi, aka kai shi Lakwaja, inda ya rasu a 1924.

A nan ya kamata 'yan'uwa marubuta su lura. Lugga da Ɗansidi duk sun lulluɓe magana, amma ba aiki ɗaya suka yi ba. Mai harshen damo yana so mai saurare ya ɓata hanya, shi kuwa mai habaici yana so a gane, ya dai sakaya ne don tsira da wuyansa. Na farko kayan aikin mai ƙarfi ne da ke gudun alhaki, na biyu mafakar wanda aka danne ne.

Saboda haka duk wanda zai sakaya magana a labari ko waƙa, ya tambayi kansa: in mai karatu ya warware lulluɓin, gaskiya zai tarar a ciki ko wayam? Haka nan in muna rubuta tarihin birnin nan, kada mu ari kalmomin rahoton Razdan mu juya su zuwa Hausa yadda suke. Abin da ya sami Zazzau a 1902 yana da suna a harshenmu, ci ne aka yi mata, kuma da wannan sunan ya kamata 'ya'yanmu su karanta shi.