Ƙwaron Kamaru da manjan Maleshiya

Duk sanda aka taɓo maganar manja a shirina na rediyo, sai an samu mai kiran waya ya ce ai a Najeriya Maleshiya ta ɗebi irin kwakwa, yau ga shi ta fi kowa. Labarin yana da daɗin faɗi, amma tarihin ya fi haka tsawo.

Tun 1848 Turawan Holan suka dasa kwakwar manja guda huɗu a lambun Bogor da ke tsibirin Java, kuma daga zuriyarsu gonakin yankin suka fara. A 1917 wani Bafaranshe, Henri Fauconnier, ya buɗe gonar kasuwanci ta farko a Selangor. Gaskiya ne masanan Maleshiya sun zo Najeriya tattara iri a 1973, to amma tun 1966 ƙasarsu ta riga ta wuce Najeriya wajen fitar da manja.

Kamfanoninsu sun ci gajiyar bincike ne. A Yangambi ta ƙasar Kwango masana 'yan Beljiyam suka bayyana a 1941 yadda ake haɗa iri biyu a samu tenera, mai siririn ɓawo da tsoka mai yawa. Gonakin Maleshiya suka rungume shi.

Wanda ya fi tsaya mini a rai shi ne labarin ƙwaro. Shekara da shekaru leburori ne ke barbarar furannin kwakwa da hannu a can, domin an ɗauka iska ce ke wannan aiki, kuma ba ta wadatarwa. Leslie Davidson na kamfanin Unilever bai gamsu ba, don ya taɓa aiki a Kamaru, ya ga 'ya'ya na cika ba wanda ya taɓa furen. Aka tura masanin ƙwari ɗan Pakistan, Rahman Anwar Syed, ya zauna a gonakin Kamaru yana lura, har ya gano wani ɗan ƙwaro da bai kai ƙwayar shinkafa ba. Bayan killacewa da gwaji aka sake shi a Maleshiya a 1981. Barbarar hannu ta zama tarihi, amfani ya ƙaru.

Najeriya ma tana da cibiyar binciken kwakwa kusa da birnin Benin tun 1939. Sai dai yawancin manjanta daga kwakwar daji yake fitowa, a hannun ƙananan manoma, hukumar sayen amfanin gona kuma, kafin a rushe ta a 1986, ta riƙa biyansu ƙasa da farashin duniya. Manomin da aka tatse haka, da me zai sayi sabon iri ya jira shekara uku ko huɗu kafin ya fara yanka?