BABI NA BIYU: ƘUNGIYAR HOMEBREW DA TAƘADDAMAR MALLAKAR MANHAJA, 1975-1986

2.0 Gabatarwa

A babi na ɗaya an kawo ma'anar manhaja, wato jerin umarnin da ake rubuta wa kwamfuta domin ta aiwatar da wani aiki. A wannan babi kuwa za a waiwayi tarihin wata ƙaramar ƙungiya mai suna Homebrew Computer Club, wadda ta yi shekara 11 tana zama a jihar Kalifoniya ta ƙasar Amurka. An zaɓe ta ne saboda a cikinta ne wata muhimmiyar tambaya ta fito fili: shin manhaja ilimi ce da ake bai wa juna kyauta, ko kuwa haja ce da sai an biya?

2.1 Kafuwar Ƙungiyar

Kafin shekarar 1975, kwamfuta aba ce ta gwamnati da jami'o'i da manyan kamfanoni. Akwai ƙungiyoyin masu amfani da ita, alal misali SHARE wadda aka kafa a 1955 domin masu aiki da na'urorin IBM, sai dai wakilan ma'aikatu ne ke zama a cikinsu, ba kowa da kowa ba. A watan Janairun 1975 mujallar Popular Electronics ta buga hoton wata na'ura mai suna Altair 8800, ta kamfanin MITS da ke garin Albuquerque. Ana sayar da ita a wargaje a kan kuɗin da bai kai dala 400 ba, mai saye ya harhaɗa da kansa. Ba ta da allon kallo, ba ta da madannan rubutu, sai makunnai da ƙananan fitilu a gabanta, kuma abin da take iya riƙewa bai wuce misalin haruffa 256 ba.

Ke nan duk wanda ya saye ta ya sayi abin da ba zai iya sarrafawa shi kaɗai ba. Wannan buƙata ce ta sa Gordon French da Fred Moore suka kira taro a ranar 5 ga Maris, 1975, a garejin gidan French da ke Menlo Park. Mutum 32 suka halarta, aka ajiye Altair guda ɗaya a gabansu. French injiniya ne. Moore kuwa ɗan gwagwarmaya ne da ya yi adawa da yaƙin Biyetnam, har ya yi zaman kurkuku saboda ƙin shiga aikin soja na dole. A wurinsa, haɗa mutane su koyar da juna shi ne maƙasudi, na'urar sanadi ce kawai. Sunan da aka raɗa wa ƙungiyar ma yana nuni ne ga abin da mutum ya haɗa da hannunsa a gida.

2.2 Yadda Ake Zama

Nan da nan garejin ya yi kaɗan. Aka koma wata makaranta, daga bisani aka samu babban ɗakin taro na cibiyar binciken kimiyya ta SLAC da ke ƙarƙashin Jami'ar Stanford, inda ɗaruruwan mutane kan hallara duk bayan mako biyu. Babu rajista, babu kuɗin shiga na dole. Lee Felsenstein ne ya daɗe yana jan ragamar zaman, kuma tsarin da aka bi ya cancanci a dube shi. Da farko akan ba kowa dama ya miƙe ya faɗi abin da yake nema ko abin da yake da shi, a taƙaice, ba tare da an tsaya muhawara ba. Bayan an gama zagayen sai a saki taro, mai tambaya ya nemi mai amsa a lungu su ƙarasa. Wato babu malami babu ɗalibi: wanda ya koyar yau shi zai yi tambaya a zama na gaba. Haka kuma akwai 'yar jaridar ƙungiya da Moore ya fara fitarwa a ranar 15 ga Maris, 1975, wadda ke kai labarin zaman ga waɗanda ke nesa.

A watan Afrilun wannan shekara Steve Dompier ya nuna abin da irin wannan zama ke haifarwa. Ya lura cewa idan Altair tana aiki, rediyon da ke kusa da ita yakan yi ƙara, kuma ƙarar tana sauyawa gwargwadon umarnin da ake aiwatarwa. Sai ya shigar da umarni ɗaya bayan ɗaya ta makunnai, har rediyon ya fitar da kiɗan wata waƙa ta mawaƙan Beatles. Abin wasa ne, amma ya tabbatar wa mahalarta cewa akwatin nan yana iya yin wani abu.

2.3 Taƙaddamar BASIC

Abin da masu Altair suka fi ƙishirwarsa shi ne harshen da za su riƙa rubuta umarni da shi cikin sauƙi, maimakon wahalar makunnai. Bill Gates da Paul Allen sun rubuta wa na'urar harshen BASIC a 1975, suka ba MITS izinin sayarwa a kan za a riƙa biyansu wani kaso daga kowane kwafi. A lokacin akan adana manhaja ne a jikin wata doguwar siririyar takarda mai huji-huji. A watan Yunin 1975 MITS ta kawo kayanta baje-koli a wani otal da ke Palo Alto, sai ɗaya daga cikin irin waɗannan takardu ta ɓace. Ta faɗa hannun Dan Sokol, wanda ke da damar amfani da injin kwafi a wurin aikinsa. Ya zo zama na gaba da kwafi masu yawa, aka raba bisa sharaɗi ɗaya: wanda ya ɗauka ya dawo da fiye da abin da ya ɗauka.

A watan Fabrairun 1976 Gates, yana ɗan shekara 20, ya rubuta buɗaɗɗiyar wasiƙa wadda jaridar ƙungiyar ta buga. Ya ce masu Altair da suka sayi BASIC ba su kai ɗaya cikin goma ba, alhali lokacin kwamfutar da aka kashe wajen rubuta shi ya haura dala 40,000, kuma abin da suka samu bai kai dala 2 a kowace awa ta aikinsu ba. Ya kira abin da ake yi sata ƙarara. Hujjarsa ita ce, in ba a biya marubuci ba, babu ƙwararren da zai sake ɓata lokacinsa a kan manhaja mai inganci.

Idan aka yi adalci, maganarsa tana da ƙamshin gaskiya. Sai dai su ma 'yan ƙungiyar suna da nasu uzurin. MITS ta karɓi kuɗin mutane tun kafin kaya su iso, ga jinkiri, kuma rangwamen farashin BASIC an ɗaure shi da sayen allunan ma'ajiya na kamfanin, waɗanda da yawansu ba sa aiki yadda ya kamata. Bugu da ƙari, mutanen da suka saba bai wa juna zane da dabara kyauta ba su ga dalilin da zai sa a ware takarda guda a ce ita ta kuɗi ce ba. A ganin mai wannan nazari, ɓangarorin biyu ba a kan abu ɗaya suke magana ba: Gates yana maganar ladan gumi, su kuwa suna maganar aikin gayya. Wani abin lura shi ne, yaɗuwar kwafin nan ta taimaka wajen sa BASIC na Microsoft ya zama wanda kowa ya sani, abin da ya amfani kamfanin lokacin da wasu masu ƙera na'urori suka zo neman harshe.

Amsa mafi ma'ana ba da cacar baki aka bayar da ita ba. Tun a 1975 Dennis Allison ya wallafa tsarin wani ƙaramin harshe mai suna Tiny BASIC, ya bar wa kowa ya gina nasa. Tom Pittman, ɗan ƙungiyar, ya rubuta nasa ya sayar a kan dala 5 kacal, domin ya gwada ko mutane za su biya idan farashi bai fi ƙarfinsu ba, kuma da dama sun biya. Li-Chen Wang ya fitar da nasa kyauta a 1976 ta mujallar Dr. Dobb's Journal, tare da dukkan umarnin da ya rubuta, yadda kowa zai iya karantawa ya gyara. A 1980 majalisar dokokin Amurka ta yi wa dokar haƙƙin mallaka gyara, ta ambaci manhaja a cikinta ƙarara. Ɗaya ra'ayin kuma bai mutu ba, domin a 1983 Richard Stallman ya ƙaddamar da shirin GNU a kan aƙidar barin manhaja a buɗe.

2.4 Dusashewa

Steve Wozniak, ma'aikacin kamfanin Hewlett-Packard a lokacin, ya halarci zaman farko, kuma shi da kansa ya sha faɗin cewa daga nan ya samu ƙaimin zana kwamfutarsa. Yakan kawo ta wurin zama ya raba zanenta ga duk mai so. Abokinsa Steve Jobs ne ya ga kasuwa a ciki. Suka kafa Apple a ranar 1 ga Afrilu, 1976, Paul Terrell mai kantin Byte Shop ya yi odar guda 50. Ba su kaɗai ba ne: kamfanonin Processor Technology da Cromemco duk na 'yan ƙungiyar ne, Felsenstein kuma shi ya zana Osborne 1 ta 1981.

Nasarar nan ce ta fara cin ƙungiyar. Wanda ya zama mai kamfani yana da sirrin da ba zai faɗa a gaban abokin gasarsa ba, kuma ba shi da lokacin zuwa zama. Moore tun a 1975 ya janye jikinsa. Daga 1977, da fitowar Apple II da Commodore PET da TRS-80, mutum na iya sayen kwamfuta haɗaɗɗiya a kanti, buƙatar da ta tara mutane a garejin French ta ragu ƙwarai. An ci gaba da zama da 'yan tsirarun mutane har zuwa watan Disamban 1986, lokacin da aka yi na ƙarshe. A watan Nuwamban 2013 waɗanda suka rage daga cikinsu sun sake haɗuwa na yini ɗaya a gidan adana tarihin kwamfuta da ke Mountain View.