Sifiri da Ziro, Uwa Ɗaya Uba Ɗaya

Idan mai gabatar da shiri a rediyo zai ba da lambar waya, sai ka ji ya ce "sifiri, takwas, sifiri". Yaron da ke sayar da kati a bakin kasuwa kuwa "ziro" zai ce maka. Da yawa muna ɗauka ɗaya Hausa ce, ɗaya Turanci. To kalma ɗaya ce ta rabu biyu a hanya: ɗaya ta biyo ayarin raƙuma ta hamada, ɗaya ta zagayo ta teku a bakin Turawa, suka sake haɗuwa a bakinmu. Ku gyara zama.

An daɗe ana lissafi a duniya ba tare da sifiri ba. Rumawa sun kafa daula sun karɓi haraji da haruffa kawai: X goma, C ɗari, M dubu. Mutanen Babila, a ƙasar Iraƙi ta yau, da sittin-sittin suke ƙirga, kuma gadonsu muke ci har gobe, don su suka bar mana minti 60 a awa da daƙiƙa 60 a minti. A rubutunsu na kan laka, idan gurbi ba shi da lamba sai su bar fili, daga baya suka riƙa danna wasu alamu biyu a karkace. Sai dai wannan alama tsaron wuri kawai take yi, kamar jarkar da ake ajiyewa a layin famfo. Ba a tarawa da ita, ba a ɗebewa.

A Indiya aka ba "babu" matsayin lamba. A shekara ta 628 wani masanin taurari mai suna Brahmagupta, mazaunin garin Bhillamala a yankin Rajastan, ya rubuta ƙa'idojinta. Da harshen 'yan kasuwa ya yi bayani, dukiya da bashi. Ka ɗebe lamba daga kanta, saura babu. Ka tara babu a kan bashi, bashin na nan. Ka ninka kowace lamba da babu, ka tashi da babu. Wuri ɗaya ya yi tuntuɓe, inda ya ce babu a raba da babu, babu ce amsa. Masana lissafi na yau ba su yarda da wannan ba, amma ni dai ban ga laifin wanda ya sare daji don ya bar kututture ɗaya ba. A bangon wani ɗakin bauta a garin Gwalior akwai rubutun dutse na shekara ta 876 da ke maganar wani lambu mai kamu 270 da 187, da sarƙar furanni 50 da za a riƙa kawowa kullum. 'Yar da'irar da ke jikin 270 da 50 ɗin nan, da ka gan ta za ka gane ta. Sunanta a harshen Sanskrit shunya, wato wofi.

Wajen shekara ta 773, zamanin Halifa Mansur, littafin ilimin taurari na Indiyawa ya iso Bagadaza aka fassara shi da Larabci. Larabawa ba su ari kalmar shunya ba, ma'anarta suka fassara, suka ce sifr, abin da ba komai a cikinsa. Har yau Balarabe kan ce wane ya dawo sifrul yadaini, wato hannu rabbana. Sai ga Muhammad ɗan Musa Alkhawarizmi a zamanin Halifa Ma'amun. Wajen 825 ya rubuta littafi kan yadda ake lissafi da lambobin Indiyawa. Na Larabcin ya ɓace, fassarar Latin ta ƙarni na 12 ce ta tsira, kuma a cikinta aka murɗe sunansa ya koma Algoritmi. Abin nan da 'yan kwamfuta ke kira algoridim, wanda ya zaɓi ya nuna maka wannan rubutu a Facebook ya ɓoye maka na wani, sunan wannan malami ne. Ɗaya littafin nasa kuma shi ya haifi kalmar aljabara, kuma babban kaso nasa a kan wasiyya da rabon gado yake. Ɗalibin da ke cewa bai ga amfanin aljabara ba, ya je ya zauna inda ake raba gadon mai mata huɗu.

Daga nan hanya ta rabu. Larabawan gabas suna da tasu siffar lambobin, ita ce muke gani a shafukan Alƙur'ani bugun Madina, inda sifiri ɗigo ne, biyar kuma ta yi kama da ƙwai. Wane ɗan Islamiyya ne wannan biyar ɗin ba ta taɓa rikita shi ba? Mutanen Magrib da Andalus kuwa suna da wata siffar da ake kira gubar, wato ƙura, saboda a kan allon da aka barbaɗa wa ƙura ake yin lissafin. Ita ce kakar 1, 2, 3 ɗin da muke kira na boko.

Wani yaro ɗan garin Pisa na Italiya, Leonardo, wanda aka fi sani da Fibonacci, ya bi mahaifinsa zuwa Bijaya a gaɓar tekun Aljeriya, inda uban ke kula da harkar 'yan kasuwar garinsu. A can ya koyi wannan lissafi. A 1202 ya fitar da littafinsa Liber Abaci, ya rubuta sifr a matsayin zephirum. Bakin Italiyawa ya tauna ta ta koma zefiro, ta ƙara gajarcewa ta zama zero. 'Yan'uwanmu na Nijar, kalmar chiffre da kuke ji a makaranta ita ma jikar sifr ce. Turai ba ta karɓi baƙuwar da hannu biyu ba. A 1299 ƙungiyar 'yan canji ta birnin Florence ta hana mambobinta rubuta waɗannan lambobi a littafin ciniki. Dalilin da aka fi ambata shi ne sauƙin maguɗi: ɗan jan alƙalami kaɗan, 0 ta zama 6 ko 9.

Mu kuma ta hannun malamai da fatake sifr ta iso mana ta zama sifiri, wasu su ce sifili. Ba ita kaɗai ta zo ba. Ashirin, talatin, arba'in har zuwa casa'in duk Larabci ne, haka metan da hamsaminya da alif ɗin da muke sa wa shekaru. Kafin su kankama Bahaushe na da gomiya biyu da gomiya uku, yana da hauya a matsayin ashirin, ga zangu, ɗari ke nan a ƙirgar wuri, ga keso, wuri 20,000 a ƙunshi guda.

Abin dariya, kalandar Miladiyya ba ta da shekara ta sifiri, kuma wanda ya tsara ƙirgarta a 525 da lambobin Rumawa ya yi aiki. Shi ya sa ƙarni na 21 a 2001 ya fara, duk da shagalin da aka sha a daren shiga 2000. Kututturen da Brahmagupta ya bari kuwa har yanzu yana ka da mutane. A Satumban 1997 wani ma'aikaci a jirgin ruwan yaƙin Amurka mai suna Yorktown ya shigar da 0 a wani gurbi, kwamfuta ta yi ƙoƙarin rabawa da ita, injinan jirgin suka tsaya cik fiye da awa biyu a kan teku.

Wanda ke da tsoho ko tsohuwa a gida, don Allah ya tambaye su ko sun taso sun ji ana ƙirga da hauya da zangu, ya faɗa mana a wane gari ne.