Tarihin Sanata Umaru Tanko Al-Makura

Umaru Tanko Al-Makura ɗan kasuwa ne kuma ɗan siyasa daga Lafiya, babban birnin Jihar Nasarawa. Ya mulki jihar daga 2011 zuwa 2019, sannan ya wakilci mazaɓar Nasarawa ta Kudu a Majalisar Dattawa daga 2019 zuwa 2023.

Haihuwa da karatu

An haife shi a Lafiya a shekarar 1952, kuma ɗan ƙabilar Gwandara ne. Ya yi firamare a makarantar Dunama da ke Lafiya, ya wuce Kwalejin Horon Malamai ta Keffi, daga bisani ya sami digiri a fannin ilimi a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya a 1978. Bayan ya yi wa ƙasa hidima sai ya rungumi kasuwanci, inda ya fara da shigo da injinan noma, kafin ya faɗa harkar gine-gine da otal-otal ƙarƙashin sunan Ta'al, sunan da ya zame masa laƙabi.

Shiga siyasa

A Jamhuriya ta Biyu ya zama shugaban matasan jam'iyyar NPN a tsohuwar Jihar Filato, wadda daga cikinta aka cire Nasarawa a 1996. Ya wakilci Lafiya da Obi a Majalisar Tsara Kundin Tsarin Mulki ta 1988 zuwa 1989, ya riƙe sakataren jam'iyyar NRC na Filato, kuma yana cikin waɗanda suka kafa PDP a Nasarawa a 1998.

Kujerar gwamna

Gabanin zaɓen 2011 ya bar PDP ya koma CPC ta Muhammadu Buhari. Ya kayar da gwamna mai ci, Aliyu Akwe Doma, da tazarar ƙuri'u 'yan dubbai, ya zama gwamna ɗaya tilo da CPC ta samu a faɗin ƙasar nan. Wannan ya ƙara masa ƙima lokacin da CPC ta haɗu da wasu jam'iyyu aka kafa APC a 2013.

Sai dai Majalisar Dokokin jihar tana hannun PDP. A watan Yulin 2014 'yan majalisar suka fara yunƙurin tsige shi bisa zarge-zarge 16. Kwamitin mutum bakwai da Babban Jojin jihar ya kafa ya yi watsi da zarge-zargen a watan Agusta, ya tsira da kujerarsa. A 2015 ya sake lashe zaɓe, inda ya doke Labaran Maku na APGA da ɗan takarar PDP.

Al-Makura ya sha bayyana cewa zazzaɓin Lassa da ya kama shi a shekarun baya ne ya taɓa masa ji. Gwamnatinsa ta gina makarantar masu buƙata ta musamman a Lafiya, wadda Shugaba Buhari ya buɗe a 2018.

Majalisar Dattawa

A 2019 ya tsaya takarar mazaɓar da ta ƙunshi Lafiya da Doma da Obi da Keana da Awe, ya kayar da Sanata Suleiman Adokwe na PDP, wanda ke kan kujerar tun 2007. A Majalisa ta Tara ya shugabanci kwamitin ma'adanai da ƙarafa, fannin da ya shafi jiharsa kai tsaye, kasancewar ana yi wa Nasarawa kirari da gidan ma'adanai.

A 2022 ya nemi shugabancin APC na ƙasa, amma ya janye wa Sanata Abdullahi Adamu, ɗan jiharsu, bayan jam'iyyar ta yi maslaha. A zaɓen 2023 Mohammed Ogoshi Onawo na PDP ya karɓe kujerar sanatan, zamansa a majalisar ya ƙare bayan wa'adi ɗaya.